Jan Wake Goma Sha Biyu a Ƙwaryar Tasalla

An ce wai a wani zamani da ya shuɗe, a wani gari da ake kira Kanyar Tudu, an yi wani alƙali mai suna Malam Ɗalhatu. Mutum ne mai jinkirin magana, wanda ba ya yanke hukunci a ranar da aka kawo ƙara, ko da gari duka ya taru a ƙofar zaurensa.

A garin akwai ungozoma biyu. Ɗaya sunanta Hakama, mace mai fara'a da barkwanci, wadda kowane gida ke murnar jin sallamarta. Ɗayar kuwa Tasalla ce, tsohuwa siririya marar yawan magana, wadda ta koyi aikin a wurin kakarta. Ta san yadda ake gyara kwanciyar ɗa idan ya zo a gicciye, ta kuma san abin da ake yi idan mabiyiya ta ƙi fita. Ba ta da miji, ba ta da ɗa a raye, ba ta da kowa a wani gari.

Sannu a hankali sai wata magana ta fara yawo a bakin rijiya. Ana cewa gidan da Tasalla ta shiga, sau da yawa makara ce ke biyo bayanta. Da farko raɗa ce tsakanin mata biyu, daga baya ta zama abin da ake faɗa a kasuwa. Idan ta wuce sai uwaye su jawo 'ya'yansu cikin gida, mai ciki kuma ta juya mata baya.

Ana nan sai 'yar Nomau maƙeri ta dawo gidan iyayenta goyon ciki, domin haihuwarta ce ta fari. Haihuwar ta zo da gardama, aka kira Tasalla, yarinyar ta rasu a hannunta, abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba. Bayan sadakar bakwai Nomau ya tafi zauren alƙali, mutanen gari na biye da shi.

Ya zauna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na kawo ƙarar Tasalla. Mayya ce, ita ta cinye mini yarinyar nan. Ba ni kaɗai ba ne. Cikin shekara biyar mata goma sha biyu sun mutu a hannunta, mun ƙirga su da gidajensu. A hannun Hakama kuwa bakwai ne kawai. Ba ma neman jininta. A fitar mana da ita daga garin nan, ta tafi inda ba a san ta ba."

Alƙali ya aika aka zo da Tasalla. Ta zauna a gefen zaure ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Iya, kin ji abin da aka faɗa. Goma sha biyun nan gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Na san sunayensu duka."

"Kina da abin da za ki kare kanki da shi?"

"Ba ni da shi. Na yi abin da na iya, Allah ya yi nasa."

Mutane suka ɗauki gunaguni, suna cewa ai ta amsa da bakinta. Alƙali ya jira har suka yi shiru, sannan ya dubi Nomau ya ce, "Allah ya jiƙan 'yarka, ya ba ka haƙuri. Ka ce goma sha biyu da bakwai, kuma ko yaro ya san wanda ya fi yawa. Amma ban ji ka faɗi cikin nawa ba. Makiyayin da ya rasa tumaki biyu cikin goma ya fi wanda ya rasa biyar cikin ɗari asara, ko da yake biyar ta fi biyu. Mata nawa kowace ta karɓi haihuwarsu?"

Babu wanda ya sani. Wani dattijo ya ce a tambayi waɗanda ke wurin, ai sun isa shaida.

Alƙali ya ce, "Waɗanda ke wurin nan mutuwa ce ta kawo su. Matar da ta sauka lafiya tana gida tana daka, ɗanta a bayanta, babu abin da zai kawo ta zaurena. Idan ku kaɗai na tambaya, gawa kawai zan ji labarinta. Za a shiga kowane gida, na mai kuɗi da na talaka, na cikin gari da na bayan ganuwa, ba za a tsallake ko ɗaya ba."

Ya zaɓi tsofaffin mata huɗu waɗanda ba su da dangantaka da kowane ɓangare. Ya ba su ƙwarya biyu, ɗaya ta Hakama ɗaya ta Tasalla, da mudun farin wake da ɗan jan wake. Duk haihuwar da aka yi cikin shekara biyar, idan uwa ta tashi a jefa farin wake a ƙwaryar ungozomar da ta karɓa, idan ta rasu a jefa ja. Ya kuma ce Tasalla ta zauna a gidanta, kada wanda ya taɓa ta har a gama.

Kwana shida tsofaffin nan suna zagaye gari. A rana ta bakwai da hantsi aka juye ƙwaryun a kan tabarma gaban jama'a, aka ƙirga sau biyu. A ta Hakama aka sami wake ɗari biyu da shida, bakwai daga ciki ja. A ta Tasalla aka sami ɗari da arba'in, goma sha biyu ja. Aka raba su tsibi tsibi, sai ga shi a wurin Hakama mace ɗaya ke rasuwa cikin kusan talatin, a wurin Tasalla kuwa ɗaya cikin kusan goma sha biyu.

Nomau ya ce, "Malam, kai ka nemi a ƙirga, ga shi an ƙirga. Abin ma ya fi yadda muka zata muni."

Alƙali ya daɗe yana kallon waken. Ya san idan ya sake ta bayan wannan ƙidaya, gari zai ce ya bi son zuciya, ba kuma za su bar ta ta kwana lafiya ba. Ya kuma san idan ya kore ta, tsohuwa ce da ba ta da inda za ta nufa, da wuya ta kai damina. Wake ba ya ƙarya, amma zuciyarsa ba ta natsu cewa waken ya faɗi duk abin da ya sani ba.

Ya ɗaga kai ya nemi Hakama, wadda ke zaune cikin mata ana taya ta murna. Ya ce, "Hakama, matso. Ga shi ƙwaryarki ta yi fari."

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ni tun ina yarinya hannuna da albarka. Ko kazar maƙwabta na shafa sai ta yi ƙwai."

Aka ɗan yi dariya, shi ma ya murmusa. Sannan ya ce, "Kina da 'ya mai aure?"

"Ina da biyu, Malam, ɗaya ma cikinta wata bakwai."

"Allah ya sauke ta lafiya. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki tuna Allah na jin ki. Idan naƙudarta ta kwana ta wuni, kika ga abin ya fi ƙarfinki, wa za ki aika a kira?"

Fara'ar Hakama ta ɗauke. Ta dubi ƙasa, ta gyara mayafinta, ta sake gyarawa. Da ta yi magana, da ƙyar na kusa suka ji. "Yaya Tasalla zan kira."

"Mayyar?"

"Malam, ni ban taɓa kiran ta da sunan nan ba. Shiru na yi da ake faɗa, wannan kam na yi, domin kasuwata ce ke buɗewa. Amma duk haihuwar da ta gagare ni, ni da bakina nake cewa a tafi a zo da ita. Ni in tattara kayana in fita, ita ta shiga. Idan aka mutu a ce a hannunta ne."

Alƙali ya ce, "Ashe mun haɗa abin da bai kamata a haɗa ba. Mun zuba mai lafiya da wadda ta riga ta galabaita a ƙwarya ɗaya, muka ce mun auna. Sai an koma."

Ya sake kiran tsofaffin nan huɗu, wannan karon ya ba su ƙwarya huɗu, biyu ga kowace ungozoma. Ya ce a kowane gida su tambayi abu ɗaya: daga fara naƙuda zuwa shigowar ungozoma, salla nawa aka yi? Domin mace na iya manta rana, amma ba ta manta ko an yi la'asar ko ba a yi ba. Idan salla biyar ce ko ƙasa da haka, wake ya shiga ƙwaryar kiran wuri. Idan ta haura biyar, ya shiga ta kiran makara. Ya ce gidan Nomau kaɗai za su bari, wannan shi zai tambaya da kansa.

Bayan wasu kwana shida aka sake taruwa. Aka fara da ƙwaryun kiran wuri. Ta Hakama wake ɗari biyu, ja huɗu. Ta Tasalla wake ɗari, ja biyu. Alƙali ya sa aka raba su hamsin hamsin, kowane tsibi ya sami jan wake ɗaya, na wannan da na waccan duka.

Ya ce, "Ku duba da idonku. Idan aka kira su da wuri, babu wadda ta fi wata. Ɗaya cikin hamsin a nan, ɗaya cikin hamsin a can. Mayyar da za ta shiga gida ɗari ta bar casa'in da takwas, lallai ba ta da yunwa."

Sannan aka juye ƙwaryun kiran makara. Ta Hakama wake shida ne kacal, uku ja. Ta Tasalla talatin da tara, tara ja. Alƙali ya ɗauki jan wake guda da ya ajiye a gefe, ya miƙa wa Nomau.

Ya ce, "Saura wannan, na gidanka ne. Ba zan sa shi da hannuna ba, kai za ka sa. Amma kowane wake da ya shiga ƙwarya an faɗi sunan mai shi. Wace ce wannan?"

'Yar fari ce, kuma a al'adar mutanen, uba ba ya kama sunan 'yar fari. Shekara goma sha tara Nomau yana ce mata yarinyar nan, ko ke, ko wance. Ya riƙe waken a tafin hannunsa mai kanta. Can ya ce, "Yalwa. Sunanta Yalwa." Wannan ne karon farko da sunan ya fito daga bakinsa.

Alƙali ya ce masa a hankali, "Salla nawa aka yi kafin Tasalla ta shiga wurin Yalwa?"

Sai murya ta fito daga cikin mata, ta Gwamma ce, matarsa, uwar marigayiyar. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni zan faɗa, na gaji da riƙe shi. Ranar Litinin da hantsi na ga tana dafa bango tana cije leɓe. Ta ji kunyar faɗa mini, ni kuma na ji kunyar tambayarta, kada a ce na nuna rawar jiki a kan 'yar fari. Na ɗauki taɓarya na yi ta daka gero don kada in ji nishinta. Aka yi azahar, aka yi la'asar, har aka kwana. Sai bayan asubar Talata na aika aka kira Hakama. Da la'asar Hakama ta ce ɗan a gicciye yake, a nemo Tasalla. Maigidan ya ce kowa ma a kira ban da ita, ba za ta cinye masa 'ya ba. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙo, aka sake kwana. Sai bayan azahar ta Laraba, da ta daina gane mu, ya ce a je a zo da ita."

Alƙali ya ƙirga a yatsunsa. "Goma sha ɗaya."

Gwamma ta ce, "Goma sha ɗaya, Malam. Da Tasalla ta shigo ta taɓa goshinta, ta dube ni, na ga amsar a idonta. Duk da haka ba ta juya ba. Ta zauna ta yi ta fama har rai ya fita, ita ta rufe mata ido. Ba ta ce mana kun makara ba, ko a ranar ko bayanta."

Nomau ya tashi da ƙyar, ya taka zuwa tabarmar. Ya tsaya a kan ƙwaryar kiran makara, ya saki waken a ciki, ya koma ya zauna ya rufe fuskarsa da hannun riga. Wake ya cika arba'in, goma ja, talatin fari.

Sannan alƙali ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Mata arba'in aka kai wa Tasalla bayan sun kwana sun wuni suna naƙuda, bayan an gama gwada duk abin da aka sani. Goma sun tafi, Allah ya jiƙan su. Talatin suna raye, wasunsu na nan zaune a bayanku da goyo. Kun ƙirga goman kun zo da su zaurena, babu wanda ya ƙirga talatin ɗin. A wurin Hakama uku cikin shida ne suka rasu, wato rabi. Amma ba zan ɗora mata laifi da wannan ba, domin shida sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Da ɗaya ta tashi, ko ɗaya ta ƙaru, da lissafin ya canza fuska. Abin da waken nan ya nuna a fili shi ne, ba hannun ungozoma ke raba mai rai da matacciya a garin nan ba, yawan sallolin da aka bari suka wuce ne. Kun ji tsoron Tasalla, sai kuka riƙa jinkirta kiran ta. Da kuka jinkirta sai mutuwa ta ƙaru a hannunta, da ta ƙaru sai tsoronku ya ƙaru. Shekara biyar kuna cikin wannan, kuna biya da 'ya'yanku.

"Ga hukuncina. Tasalla ba mayya ba ce, za ta zauna a gidanta, kuma duk wanda ya sake kiran ta da sunan nan zai zo ya maimaita a gabana. Daga yau macen da naƙudarta ta wuce salla uku, a kira ungozoma. Idan ta kai biyar, a kira su duka biyun su zauna tare. Kunya ado ce, ban hana kowa ba, amma na ɗauke ta daga ɗakin haihuwa, wanda ya ga laifi a nan ya ɗora a wuyana. Kai kuma Nomau, ba ni da hukuncin da zan yi maka. Tsoron rasa 'yarka ne ya sa ka yi abin da ka yi, kuma abin da ke zuciyarka yanzu ya fi duk wanda zan iya yankewa nauyi."

Ya juya ga Tasalla ya ce, "Iya, gari ya zalunce ki. Akwai abin da kike nema a biya ki?"

Ta girgiza kai. "Babu, Malam. Na gode da ka ƙirga mini talatin ɗin, ban taɓa sanin sun kai haka ba. Waɗanda suka tashi ba sa dawo mini a rai. Goma sha biyun nan ne ke dawowa, kuma hukuncinka ba zai hana su ba."

Ta tashi ta fita, mutane suka buɗe mata hanya, babu wanda ya iya kallon fuskarta.

An ce Nomau ya yi wata uku bai hura wutar maƙera ba. Idan suka haɗu da Tasalla a hanya sai ya ratse, ba don ƙiyayya ba, don bai san da bakin da zai gaishe ta ba. Bayan shekara biyu ƙanwar Yalwa ta dawo gida goyon ciki. Ranar da ta fara dafa bango, uwarta ta ajiye taɓarya ta tambaye ta kai tsaye, sannan ta leƙa zaure ta faɗa wa maigida. Bai aiki kowa ba. Ya tafi da ƙafarsa da hantsi, ya tsaya a ƙofar Tasalla.

Ta fito ta gan shi. A lokacin ta ƙara tsufa, sai da sanda take tafiya. Ba ta tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Ta ce, "Salla nawa?"

Ya ce, "Ko ɗaya ba a yi ba, Iya."

Ta ce, "To, riƙe mini ƙunshin nan, ƙafata ba ta sauri yanzu."

Ya karɓa, ya bi ta a baya a hankali har gida. Kafin magariba yarinyar ta sauka lafiya. Nomau na zaune a zaure ya ji kukan jariri, mutane na shigowa suna yi masa barka, shi kuwa hawaye ne ke zuba a gemunsa, domin ya ga iyakar abin da ake bukata tun farko: tafiyar da ba ta fi taku ɗari uku ba.

Tasalla ta rasu a daminar da ta biyo. A shekarun da ake gudun ta babu uwar da ta yarda 'yarta ta koyi aiki a wurinta, sai Hakama ce ta tsinci abin da ta iya tsinta a ɗan lokacin da suka zauna tare. Sauran ya bi ta kabari.

Saboda haka wanda aka ba shi hukunci ya kiyaye. Kada ya auna mutum da yawan waɗanda suka mutu a hannunsa, sai ya san nawa aka kawo masa, da kuma halin da aka kawo su. Domin wanda ake kira a ƙarshe shi ake gani tsaye a kan gawa, waɗanda suka jinkirta kiran kuwa suna cikin masu nuna shi da yatsa.